Wake da manteca: abin da ya same ni a Puerto Vallarta

Wata biyar na yi a Puerto Vallarta, garin bakin teku ne a jihar Jalisco ta ƙasar Meksiko, aikina ta intanet nake yi don haka kwamfuta da waya kawai na ɗauko. Har yau in na tuna garin abu biyu ke faɗo min a rai, ƙamshin kifin da ake gasawa a bakin ruwa, da kuma farin kitsen nan da na gani cikin bokiti a kasuwa, wanda ya hana ni barci kwana biyu.

Ɗaki na kama a unguwar 5 de Diciembre, can saman tudu, titunan duk duwatsu ne aka jera, in bas ta taho sai ka ji tagar ɗakinka na rawa. Tun da safe unguwa ke tashi, motar masu sayar da gas na zagayawa da waƙarta a lasifika, mai ruwa na kira yana ɗauke da manyan gorunan nan masu lita 20 da suke ce wa garrafón, don ba kowa ke yarda ya sha na famfo ba. Da yamma kuma kowa ya gangara Malecón, doguwar hanyar nan ta bakin teku da mota ba ta bi, tsofaffin turawan Amurka da Kanada da suka gudo wa sanyin ƙasarsu na jan karnuka, yara na hawa gumakan tagulla ana ɗaukarsu hoto, masu dafaffen masara a kofi na zuba mata barkono da lemun tsami. A farkon Disamba, daga 1 ga wata har 12, kullum sai an yi jerin gwano zuwa cocin Guadalupe mai rawanin nan a samanta, ga ganguna ga tartsatsin wuta tun da asuba. Na saba da duk wannan cikin sati biyu.

Maganar abinci kuwa na zo da shirina, a tunanina. Na san tacos al pastor naman alade ne duk da cewa in ka hango shi a tsaye yana juyawa a jikin wuta wallahi sai ka rantse shawarma ce, kuma ai daga can ya samo asali, 'yan Labanon da suka yi ƙaura zuwa Meksiko ne suka zo da salon gashin, daga baya aka canza naman aka ɗora abarba a kai. Wannan ban ko kusance shi ba. Nama gaba ɗaya na ajiye saboda yanka, na tsaya a kifi da ƙwai da wake. Ga zoɓo ko'ina, agua de jamaica suke ce masa, ranar da na fara kurɓa sai da na tsaya na kalli kofin, zoɓonmu ne sak, kuma Meksiko na cikin manyan masu sayen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano. Ga ruwan tsamiya ma. Sai hankalina ya kwanta, na ce ai nan gida ne.

Akwai wata dattijuwa mai ɗan gidan abinci a ƙasan layinmu, tebur huɗu ne kacal, señora nake ce mata ita kuma tana ce min joven, wato saurayi. Kullum da rana can nake ci, soyayyen kifi da shinkafa da dakakken wake mai laushi da suke kira frijoles refritos. Ranar farko na tambaye ta da ɗan Sifaniyancina ko akwai puerco a ciki, wato alade, ta ce babu, kuma gaskiyarta ta faɗa don babu tsoka ko ɗaya a ciki. Na taɓa jin ta ce wa 'yarta ta miƙo manteca, sai na ɗauka man shanu take nufi tunda shi mantequilla ake ce masa, kalmomin sun yi kama, har ma a Ajantina manteca ɗin man shanu ne. Ban sake tambaya ba. Wata uku cur ina cin waken nan, har ƙari nake nema.

Ranar da asiri ya tonu na je kasuwar Emiliano Zapata sayen mangwaro, na bi ta gaban wani mahauci, ga soyayyar fatar alade an tara ta a tire, gefenta bokiti cike da farin kitse an rubuta manteca de cerdo da alƙalami a jikin kwali. Cerdo dai alade ne. Ƙafafuna suka yi sanyi. Na tsaya a wurin ina lissafin faranti nawa na ci, mutane na ture ni suna wucewa, mangwaron ma ban saya ba.

Da na koma na tambaye ta kai tsaye, ta ce eh mana, da shi ake soya wake tun zamanin kakarta, shi ke ba shi daɗi. Da na yi mata bayanin addinina sai ta dafe ƙirji, idonta ya ciko, ta yi ta ba ni haƙuri alhali ba ta da laifin komai, ni ne na yi tambayar rabi na tafi da amsar rabi. Daren nan na kira malaminmu na gida, ya ce abin da mutum ya ci bisa rashin sani Allah ba ya kama shi da shi, in yi istigfari in kiyaye gaba. Na ji sanyi, amma fa haushin kaina bai tafi ba, don kalma ɗaya ce, minti ɗaya na bincike ya ishe ni.

Duk wanda zai je can, tambayar alade kaɗai ba ta wadatar ba, ka ce con manteca o con aceite, da kitse ko da mai. Tortilla, wato gurasarsu mai faɗi marar kauri, ta masara ba matsala, masara ce da ruwa da farar ƙasar da ake dafa ta da ita, amma ta fulawa sau da yawa akwai kitsen, tamales kuwa, ƙullun masarar da ake naɗewa a ganye a turara kamar alala, kusan kullum, har wasu burodi masu zaƙi na gidan biredi. Ko waken da aka dafa a tukunya kawai, frijoles de la olla, ka tambaya, wasu na jefa cokali ɗaya. In aka ce manteca vegetal to wannan na tsirrai ne. Ni da na san haka tun farko da ban shiga wancan halin ba.

Washegari ban yi niyyar komawa wurinta ba saboda nauyi, sai ga 'yarta ta hawo tudu ta buga min ƙofa wai mamanta na kira. Na tarar ta sayo sabon ƙaramin kasko, ta ɗaura masa jan zare a mariƙi don kada a haɗa shi da sauran, ta nuna min kwalbar man da za ta riƙa soya min da shi. A kaskon nan aka yi min wake har ranar da na bar garin, kuma ko peso ɗaya ba ta yarda na ƙara mata ba.