malloc ya ce an ba ka, amma ba a hannunka yake ba

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, ku matso ku ji wautar da na tafka. Shekarun baya na kama hayar wata 'yar saba mai RAM giga 2, ba swap (wurin da ake warewa a faifai ya tallafi RAM in ya cika), na ɗora ma'ajiyar bayanai ta PostgreSQL da wata manhajata ta C mai haɗa rahoto, kuma wallahi ina ji da kaina don duk inda na kira malloc, mai roƙo wa manhaja wuri a RAM, sai na duba ko NULL ya dawo, alamar ba a samu ba, yadda aka koya mana. Ban taɓa ganin NULL ɗin ba, na ce shikenan na iya.

Ran nan da asuba kira ya tashe ni, wai shafi baya buɗewa. Na kwashi awa biyu ina laluben banza kafin na buga dmesg, mai nuna saƙonnin Linux, sai ga layi: Out of memory: Killed process, sunan postgres, wato PostgreSQL ɗin, a gaba. Manhajata ta C da ta jawo rigimar kuwa tana nan daram abinta.

Ashe Linux halin ɗan siyasa gare shi lokacin kamfen, duk wanda ya roƙa sai ya ce an ba ka. Adireshi kawai yake miƙa maka, sai ranar da ka fara rubutu a wurin yake neman ainihin RAM ɗin, in kowa ya zo karɓar alkawari lokaci guda kuma babu, sai OOM killer, mai kashe manhaja in RAM ya ƙare, ya duba maki ya harbe wanda ya fi ci da SIGKILL, umarnin kisa nan take, ba sallama. In kun ga manhajar da kuka kunna a Docker ta fita da lamba 137 ku fara zargin wannan, 128 ne da 9, lambar SIGKILL.

Kuskure na biyu ya fi ban haushi. Na karanta cewa a maida saitin vm.overcommit_memory zuwa 2, wato Linux ya daina alkawarin da ya wuce iyaka, na yi ban lissafa komai ba, alhali overcommit_ratio, kason RAM cikin ɗari da aka yarda a alkawarta, yana kan 50, kenan na ɗaure kaina a giga 1, abubuwa suna ƙin tashi rabin RAM na zaune. Da na leƙa CommitLimit (iyakar alkawari) da Committed_AS (abin da aka riga aka alkawarta) a /proc/meminfo da ban sha wannan kunyar ba. Kuma kar ku kwafi saitin wani ido rufe, Redis, wata ma'ajiyar bayanai, shi 1 yake so a wannan saitin, wato a yi ta alkawari ba iyaka, saboda fork (kwafar kansa) ɗin da yake yi wajen ajiya.

Yanzu kafin na ɗora komai sai na sa swap, na rage oom_score_adj na postgres don makinsa ya sauka a wajen OOM killer, sannan na cika RAM da gangan da rana tsaka ina kallo in ga wa za a fara kashewa.