Rijistar kwas a Legas: ka ƙirga awoyinka kafin ka ƙirga yunit

Da zarar an buɗe fotal ɗin rijista, tambaya ɗaya ce ke yawo a tsakanin ɗalibanmu 'yan Arewa da ke karatu a Legas, daga Jami'ar Legas da ke Akoka har Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo: "Wane kwas ne ya fi sauƙi?" Sai ka ji babban yaya na aji huɗu ya ce, "Ƙanina, ɗauki kaza, malamin yana raba A kamar goron ɗaurin aure." Abin da shekarun jami'a suka koya min shi ne, akwai tambayar da ta riga wannan: awa nawa kake da su a mako, kuma yunit nawa, wato ma'aunin nauyin kwas, za su iya ɗauka?

A tsarin maki biyar da jami'o'inmu ke bi, A na farawa daga 70 kuma makinta 5, B daga 60 makinta 4, C daga 50 makinta 3, F kuwa babu komai. Ana ninka makin da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da ka yi wa rijista. Mu ce ɗalibi ya ɗauki yunit 20 ya ci B a duka. Yana da maki 80, sakamakonsa 4.00. Idan ya ƙara wani kwas na zaɓi mai yunit 3 don kawai abokansa sun ɗauka, ya faɗi, maki 80 ɗin nan za a raba su da 23, ya koma 3.48. Kwas ɗaya da babu wanda ya tilasta masa ya sauko da shi ƙasa da 3.50, layin da ya raba matakin digiri na 2:1 da na 2:2. Yawancin jami'o'i suna barin ka ɗauki tsakanin yunit 15 zuwa 24 a zango, amma 24 ɗin nan iyaka ce, babu ladan da ake ba wanda ya cika ta.

A nan ne Legas take shigowa cikin lissafin. Ɗalibin da ke kwana a hostel daban yake da wanda ke fitowa daga Agege, Mile 12 ko Idi-Araba. Da yawa daga cikinmu muna zaune ne wurin kawu ko baffa, kuma wanda ya ba ka masauki da abinci yana da haƙƙin ka tsaya masa a shago ko a rumfa wasu awoyi. Jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana tsayawa a Agege da Yaba, ya kawo sauƙi, amma daga Yaba sai ka sake neman motar Akoka, kuma ranar da aka yi ruwan sama hanya ba ta da alƙawari. Lakcar ƙarfe takwas na safe ga mai irin wannan tafiya tana nufin fita da an idar da sallar Asuba. Kwana biyu a mako ana iya jurewa. Idan ta zama kullum, kafin tsakiyar zango za ka fara fashi, alhali jami'o'i da yawa suna neman halartar kashi 75 cikin 100 kafin a bar ka ka zauna jarrabawa. Shi ya sa nake shimfiɗa jadawalin lakca a gabana tukuna, in duba kwas ɗin da ya ci karo da wani, in duba abin da ya faɗo ranar Juma'a da azahar, sannan in taɓa fom.

Wanda ke da kariyoba, wato kwas ɗin da ya faɗi a baya, wannan kwas ɗin ne farkon abin da zai sa a fom, a gina sauran a kansa. Haka kwas ɗin da sai an ci shi ake hawa na gabansa. Jinkirta irin wannan yana iya jawo ƙarin shekara, kuma hidimar ƙasa ta NYSC ba ta ɗaukar wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya kammala.

Shawarar manya tana da amfani, amma a yi hattara da tsohon fom ɗinsu. A Disambar 2022 hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhaja mai suna CCMAS a madadin tsohuwar, BMAS: kashi 70 hukumar ce ke tsarawa, kashi 30 kowace jami'a ta tsara nata. Wasu lambobin kwas da yunit ɗinsu sun canza. Littafin sashe na shekararka da kodinetan ajinka su ne abin dogaro. Ka je ofishinsa da kanka, ka gaishe shi, ka ce, "Malam, ga abin da na zaɓa, a duba min." Kunyar tambaya tana cutar da yaranmu a nan ƙwarai, musamman wanda yake jin Turancinsa bai kai na 'yan ajinsa ba.

Idan an gama da na dole kuma akwai sauran sarari, ra'ayina shi ne a zaɓi abin da za a yi aiki da shi a garin nan. Wanda sashensa ya yarda ya ɗauki kwas a wani sashe, ya duba Yarbanci na masu koyo. Da yawanmu mun iya na ciniki, muna taya tumatir da albasa da shi, amma ba mu iya karanta shi ko rubuta shi ba, kuma mai neman wurin SIWES, wato horon aiki na ɗalibai, ko aiki a Legas zai ga ranarsa. Wanda gidansu ke kasuwanci kuwa, kwas ɗin akanta na matakin farko zai ba shi abin da zai gyara littafin bashin shagon Baba tun kafin a yi jarrabawar zangon.