Abin da sauka a tsibiri cikin dare ya koya mini

Duk wanda ya tuƙa ƙaramin jirgi mai inji ɗaya zuwa tsibiri ya san cewa tafiyar rana daban, ta dare daban. Da rana kana hango gaɓa, kana ganin inda sama ta haɗu da ruwa. Da dare kuwa, in babu farin wata, sama da teku duk baƙi ƙirin, sai ɗan layin fitilun titin sauka can nesa.

Na fara irin wannan sauka ne malamina na zaune a kujerar dama. Muna gangarowa jikina ya dage cewa mun yi sama da yawa, hannuna har ƙaiƙayi yake in danna hancin jirgin ƙasa. Malam bai yi magana ba, yatsa kawai ya miƙa wajen fitilu huɗun da ke gefen titi: biyu farare, biyu jajaye. Wato daidai muke. Wanda ya biye wa idonsa a nan, ruwa zai taɓa kafin kwalta.

Kunne ma, wanda ke gaya wa jiki ko a miƙe yake ko a karkace, mayaudari ne. In jirgi ya karkata sannu a hankali ba ka ji, sai ka rantse a miƙe kake alhali kana juyawa kana yin ƙasa. Haka masu bincike suka bayyana haɗarin John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, wanda jirginsa ƙirar Piper Saratoga ya faɗa teku kusa da tsibirin Martha's Vineyard a Amurka ran 16 ga Yuli, 1999, cikin dare mai hazo, da shi da matarsa da 'yar'uwarta. Haɗarin ɗan ƙwallon ƙafa Emiliano Sala ya fi taɓa ni. Ran 21 ga Janairu, 2019 jirgin da ya ɗauko ɗan ƙwallon daga Nantes a Faransa zuwa Cardiff a Birtaniya ya faɗi kusa da tsibirin Alderney. Matuƙin ba shi da izinin tuƙin dare, kuma an samu gubar hayaƙin inji mai yawa a jinin Sala, irin wadda ba a jin warinta. Tun da na karanta wannan ba na tashi sai da na'urar gano ta a gabana.

Rigar ceto a jiki nake sa ta tun daga ƙasa, domin wadda ke cikin jaka a baya ba ta da amfani ranar da inji ya mutu. Fasinja kuma ina nanata masa: kada ya hura ta sai ya fita, in ba haka ba ita za ta maƙale shi a ciki. Ina nuna masa yadda ake sakin ƙofa kafin a taɓa ruwa, don ƙarfe na iya lanƙwashewa ta ƙi buɗuwa. Ina hawa sama sosai kafin in bar gaɓa, in riƙe man da zai mayar da ni in hazo ya rufe tsibirin. In kuwa rahoton yanayi bai kwanta mini ba, ko wa ke jira, sai gari ya waye.