Yadda na sauya wa kilifar shagona batir

A garin da wuta ba ta zama, kilifa mai caji ita ce ke riƙe da shagon aski. Tawa tana sabuwa nakan aske kawuna da dama kafin ta nemi caja. Da tafiya ta yi nisa sai ta fara sanyi a tsakiyar aski, ƙararta ta sauka, tana fizgar gashi har mai askin ya yamutsa fuska. Na wanke bakinta na sa mai, ba ta sauya zani ba. Nan na tabbata batir ne ya gaji.

Na zare ta daga caja, na kashe, na cire zobe da agogo, domin ƙarfe ne, kuma ƙarfe in ya haɗa kawunan batir biyu ja yake yi nan take. A kan tebur na katako na kwance ta, na ɗauki hoton cikinta da waya kafin in taɓa komai, don in san inda jar waya take da inda baƙa take.

Batir ɗaya ne a ciki, an rubuta 18650 da 3.7V a jikinsa. Lambar farko girmansa ce: kauri milimita 18, tsawo 65; ta biyun kuma ƙarfin wutarsa ce. Irin na litiyam ne, in ya cika yakan kai 4.2V. Tsofaffin kilifu da yawa kuwa wani irin batir mai caji da ake kira NiMH suke ɗauke da shi, guda biyu, kowane 1.2V. Ba a musanya wannan da wancan, saboda an gina fanel ɗin caji ne don iri ɗaya kawai. Akwai ma wani na litiyam, 14500, da girmansa ya yi daidai da batirin AA na tocila, amma ƙarfinsa ya ninka na NiMH sau uku. Shigarsa ramin ba shi ne dacewarsa ba.

Wajen saye ne aikin yake. Wani yaro a kasuwa ya miƙo mini ɗaya mai ɗauke da 9900mAh, lambar da ke nuna yawan cajin da yake ɗauka, yana cewa, "Oga, wannan sai ka manta da caji." Na auna shi a tafin hannu, shafal kamar fanko. Na ƙwarai a wannan girman, irin na Samsung ko LG ko Panasonic, ba ya wuce wajen 3500mAh, nauyinsa kuma kusan giram 45 ne. Duk wanda ya yi alkawarin abin da ya zarce haka nesa ba kusa ba ƙarya ce aka buga a leda, wani lokaci ma tsohon batirin laftof ne aka sake wa riga.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a layinmu shi ya ce mini, "Ɗana, nemi mai kunne. Kada ka ɗora dalma a kan batir kai tsaye." Kunnen da yake nufi siraran ƙarafa ne da aka riga aka manna da inji a kowane kai. Dalilinsa mai ƙarfi ne. Dalma ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 180, a cikin batirin kuwa akwai wata siririyar leda da ke raba ɓangarori biyu, wadda ke fara narkewa wajen digiri 130. In ta lalace, batirin yana iya kamawa da wuta daga baya, ba lallai a ranar ba. Da kunne, zafin a kan kunnen yake tsayawa, muddin ka yi sauri.

Na samo sabo mai kunne, na gwada shi da mitar auna ƙarfin wuta, ya nuna 3.6V. Da ya nuna ƙasa da 2.5V da na mayar wa mai shi. Wajen cire tsohon, waya ɗaya na fara yankewa, na naɗe bakinta da baƙin salatif, sannan na yanke ta biyun. Ba a haɗa su a yanka ɗaya, bakin almakashin zai haɗa wuta. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne duk gangar jikin batirin ɓangaren baƙar waya ce, ledar da aka naɗe shi ita kaɗai ke rufe ta. In ledar ta yage kusa da kan da jar waya ke kamawa, tazarar da ke tsakani ba ta taka kara ta karya ba. Don haka da yatsa da ɗan tsinken roba na ɗago shi, ban sa sukudireba ba.

Na haɗa jar waya da baƙa, kowacce a kunnen ɓangarenta, na duba hoton, na mayar da ɗan soson da ke hana batirin rawa idan mota na juyawa. Wajen rufewa na tabbatar murfin bai danne waya ba.

Cajin farko a kan siminti na yi shi, nesa da tawul da kwalbar sifirit, ina zaune ina taɓa ta lokaci-lokaci. Ɗumi kaɗan ba laifi. Zafin da hannu ba zai jure ba, a zare. Ba a son cajin litiyam a zafin da ya wuce digiri 45, shago mai rufin kwano kuwa a watan Afrilu ba shi da nisa da haka, shi ya sa na koma caji da safe ko bayan magariba.

Tsohon batirin na liƙe kawunansa biyu da salatif na sa a gwangwani mai yashi. Ban jefa shi a bola ba, tunda a unguwarmu ƙona shara ake yi, yara kuma na tone-tone a wurin.