Talata, Kakuri: turmin atamfa

Ruwan daren jiya ya sake cika mana lungu. Kwata ta tumbatsa har bakin zaure, ledoji na yawo a kai, sai da yara suka jera bulo kafin a samu wurin taka ƙafa. Auta da takalmi a hannu ta tafi makaranta. Amma mun tari ruwa, baho biyu da randa, yau ba ni ba mai garuwa. Da hantsi kuma aka kawo wuta, na goge ɗinkin mutum uku. Wallahi da farin ciki na fara yinin nan.

Wajen sha ɗaya dillaliya ta yi sallama da ƙullinta. Kun san ni da zane. Tana kwancewa idona ya faɗa kan wani turmi, shuɗi da ruwan ƙwai, mai zanen ganye, irin na da. Na murza shi. Auduga ce zalla, mai nauyi, ba irin na yanzu da wanki biyu ke koɗar da shi ba. Sai ƙanshin kafur yake, linkinsa ya kwanta har ya yi layi, ka san ya shekara da shekaru a ƙasan akwati. Ga rubutu nan a bakinsa, a garin nan Kaduna aka buga shi.

Ta ce dubu goma sha biyu. Na taya bakwai. Ta ce albarka. Na ce ai tsohon yayi ne, wa ke ɗaura wannan yanzu, ga linkin ma ya fara cinsa. Bai ci shi ba, faɗa kawai na yi. Sai ta rage murya ta ce, "Maman Auta, ki daure ki ƙara, mai shi tana cikin matsi." Ni kuwa da na ji kalmar matsi, maimakon in sassauta sai na ƙara kafewa, don na san mai shi ba za ta iya jira ba. Ta ce bari ta je ta ji. Ba ta yi minti biyar ba ta dawo, an sallama a takwas.

Minti biyar, cikin caɓin nan. Ya kamata tun a nan in gane kayan bai fito daga nesa ba.

Da la'asar na leƙa ɗakin Goggo, tsohuwar da muke haya gida ɗaya, in kai mata ragowar awara. Tun daga labule ƙanshin kafur ya tarbe ni. Akwatin ƙarfen nan nata a buɗe, ba komai ciki sai tsofaffin jaridun da aka shimfiɗa a ƙasa. A gefen tabarma ga ledar kemis, maganin hawan jinin mijinta Baba Tsoho, sabo. Ƙafata ta yi sanyi.

Ita ta riga ni magana. "Ya yi miki, 'yar nan? Da aka ce mini ke ce, na ce alhamdulillahi, bai bar gidan ba."

Na ce, "Goggo, wallahi ban san naki ba ne. Bari in ɗauko miki, kuɗin kuma ki riƙe."

Ta ce, "A'a. Ciniki ya faɗa. Kada ki mai da ni almajira a gidan da na girme kowa."

Na zauna. Ba ta nuna ɓacin rai ko kaɗan ba, labari ma ta shiga ba ni, ni kuma kowace kalma tana sukata. Turmi goma sha ɗaya ne da, Baba Tsoho ya tara mata ɗaya bayan ɗaya lokacin yana ɗakin saƙa. Biki ya ci wasu, kuɗin makaranta ya ci wasu, kuɗin haya ya ci uku a shekara guda. Wannan ta ɓoye, ta ce ko da jika za ta yi aure.

Ta ce mu da muka zo daga baya ba mu ga Kakuri ba. Tun da Sardauna ya kawo masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles, a 1957, sauran masaƙu suka biyo, su UNTL da Arewa Textiles, unguwar nan ba ta barci. Aiki kashi uku ne, safe, rana, dare. In jiniya ta yi kuka sai titi ya cika da kekuna, ba ka iya tsallakawa. Audugar Funtuwa da Gusau nan take ƙarewa. Tibi, Idoma, Igala, Yarbawa, mutanenmu na ƙauye, kowa ya zo ya kama ɗaki. Ita kanta tuwo take sayarwa a bakin get, tukunya uku kafin azahar, bashi kuwa ba ta tsoronsa don ƙarshen wata kowa zai biya. Ɗakunan nan da muke cushe mu bakwai mu takwas, ta ce don gwauraye ma'aikata aka gina su, shi ya sa banɗaki biyu ne ga ɗaki goma sha huɗu. Ban taɓa tunanin haka ba, kullum sai dai in yi mitar layin asuba.

Baba Tsoho yana kwance yana kallon bakinmu. Ƙarar injin ta cinye masa kunne tuntuni, sai an yi ihu. Da ya gane zancen masaƙa ake, ya ɗago ya fara lissafi da yatsa kamar yadda ya saba: wuta ta lalace, baƙin mai ya yi tsada, kayan Sin suka kwararo ta Kwatano. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Shekarun nan a bakinsa suke kamar ranar rasuwar iyaye. Katinsa na aiki har yau yana cikin aljihun rigarsa. Ni kuma kayan Sin ɗin nan su nake ɗinkawa daga safe har dare, da su nake ci da yara.

Abin da ke cina, da baƙuwa ce daga Makera ko Nasarawa ta aiko da shi, da yanzu ina nan ina ba ku labarin na yi sa'ar ciniki. Ita ma da nata Baba Tsohon a kwance.

Maigida ya ce in ba dillaliya dubu huɗun ta kai mata, ta ce kuskuren lissafi aka yi. Goggo ba yarinya ba ce, za ta gane. Na fi tunanin in auna mata masara in ce daga gida aka aiko, ko in biya mata zubin adashinta na wannan makon ba tare da ta sani ba. Ban yanke ba tukuna.

Turmin yana kan keke. Na ɗauki almakashi sau biyu na ajiye.

Tuwo da miyar kuka da dare, ba nama, yara ba su yi ƙorafi ba. An ɗauke wuta tun magariba. Gawayi saura na gobe kawai. Ga wani hadarin ya haɗo ta gabas, bari in tashi in tara roba a inda kwanon ke yoyo kafin ya jiƙa katifar Auta.