Yadda muka hana a yi gini a kan hanyar ruwan unguwarmu

Ni malamin firamare ne, kuma kafin 2023 ban san komai a sakatariyar ƙaramar hukumarmu ba in ban da bakin get da inuwar darbejiyar da ake ajiye babura. Amma daga Janairu zuwa Yuni na 2023 ɗin sai da na yi sawu ya fi goma a wajen, duk a kan wani ɗan tsirin fili da faɗinsa bai wuce ƙafa 25 ba. Na ga ya kamata in rubuta yadda abin ya kasance saboda na san unguwanni irin tamu suna da yawa, kuma abin da ya same mu yana nan yana jiran wasu.

Unguwarmu awon igiya ce. Gona ce ta gado, magada suka raba, suka kira dillalai aka zo da igiya da turaku aka yanka fuloti hamsin-hamsin, aka bar layuka da ƙyar mota ɗaya ke wucewa, in kura ta ruwa ta taho sai mai mashin ya raɓe. Babu taswira, babu komai a ofis. Takardar da kowannenmu ke riƙe da ita ta ciniki ce kawai, sa hannun mai sayarwa da mai saye da shaidu da hatimin mai unguwa, a ciki an rubuta gabas ya yi iyaka da wane, yamma da wane, kudu hanya. To hanyar nan ƙafa nawa ce? Ba wanda ya rubuta. Ta ina ruwa zai bi in an yi sama? Shi ma ba wanda ya rubuta, kowa dai ya san ruwan layuka uku yana haɗuwa ya bi ta wani fili tsakanin gidaje biyu ya faɗa tsohon kududdufin da aka haƙi ƙasar ginin cikin gari tun zamanin kakanni. Hanyar ruwa muke ce wa wajen, yara ma haka suke kiransa.

Damunar 2022 kowa ya san yadda ta yi a arewa. A garinmu gidajen ƙasa da yawa sun zube, mu kuma Allah ya tsare mu ta dalilin wannan filin. Na tuna wani dare na fito da tocila wajen ƙarfe biyu, ruwa na gudu ta wajen har gwiwa, yana jan ledoji da karan dawa da wani takalmin yaro, ƙararsa kamar injin niƙa. Da a ce a toshe yake wallahi a ɗakunanmu zai kwana.

Shi ya sa da muka wayi gari a Janairu muka ga tifa ta sauke yashi a wajen, magina sun ja layin fandisho da toka, hankalin kowa ya tashi. Ashe ɗaya daga cikin magadan ne ya sayar, wai ragowar gonarsu ce. Wanda ya saya ɗan kasuwa ne mazaunin birni, mahaifiyarsa yake son ya gina wa ɗaki biyu kusa da danginta, kuma da rani ya zo ya ga wajen, busasshe fes, ya biya kuɗinsa ya biya la'ada ya karɓi takarda. Ina faɗin wannan ne don a lokacin mutane da yawa sun ɗauke shi azzalumi, alhali shi ma rufe shi aka yi. Matasa har sun shirya su je da dare su cike ramin, wani dattijo da ke limanci a masallacin layinmu ya hana, ya ce in kuka taɓa ramin nan magana ta tashi daga ta ruwa ta koma ta 'yan sanda, kuma ku ne za ku zama masu laifi. Gaskiya ya faɗa.

Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwa, don haka aikin ya faɗo kaina. Kuskuren farko da muka yi shi ne mun ɓata kusan sati uku muna magana da baki. Mu je wajen mai unguwa, ya ce shi an kawo masa takarda ne da shaidu ya buga hatimi, amma zai kira su. Mu je wajen dagaci, ya ce a yi haƙuri za a zauna. Mu tare kansila a wajen ɗaurin aure, ya ce ai wannan ƙaramin abu ne a bar masa. Duk cikinsu ba wanda ya ƙi mu, amma ba abin da ya tsaya, gini kuma yana tafiya, kafin mu farga bulo ya hau layi huɗu. Ga shi lokacin canjin kuɗi ne, kowa na layin POS, ga zaɓen shugaban ƙasa 25 ga Fabrairu, na gwamnoni 18 ga Maris, duk wani mai faɗa a ji yana wajen kamfen.

Sai na zauna na rubuta takardar koke, shafi biyu cur, cike da zafi, na zagi dillalai na ce an ci amana na ce a ƙwace filin. Na kai rajista, wani dattijon ma'aikaci da ke karɓar wasiƙu ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe, ya ɗago ya ce, Malam, me kuke so a yi muku? Na ce Baba ai ga shi nan na rubuta. Ya ce a'a, ka rubuta abin da aka yi muku ne, ba ka rubuta abin da ofishin nan zai iya yi ba. Ya ce in koma in yi ta shafi ɗaya, zuwa ga ciyaman, ta hannun hakimi, in faɗi wurin, in faɗi gidaje nawa abin zai shafa, in roƙi a turo ma'aikata su duba kuma a dakatar da gini kafin a duba ɗin, shikenan. Sannan in yi hoto kwafi uku, in tabbatar an buga mini sitamfi da kwanan wata a kan wadda zan riƙe. Wannan kwafin mai sitamfi shi ya yi mana aiki daga baya, don sau biyu ana ce mini ba a ga takardarmu ba, ina fito da shi sai a tashi a nemo fayil. Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri, ko ruwan leda bai karɓa a hannuna ba.

Abu na biyu da ya buɗe mini ido, wani abokina da ya karanci shari'a ne ya zaunar da ni. Ya ce dokar amfani da filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha gaba ɗaya a hannun gwamna a matsayin amana, filin da ke yankin da aka ayyana a matsayin birni gwamna ne ke ba da takardar mallakarsa, wanda ke wajen birni kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da ta gargajiya. Ya ce in kuka tsaya a kan wa ke da filin, za a yi ta tura ku tsakanin ƙaramar hukuma da jiha, ko a ce ku tafi kotu tunda gado ne, kuma ku ba magada ba ne, ba ku saya ba, da wane baki za ku yi magana? Amma kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki akwai gina tituna da magudanun ruwa da kula da su, da kwashe shara, da maƙabartu, da kasuwanni da tashoshin mota, har da sa wa layuka suna da ba gidaje lamba. Ya ce ku bar zancen mallaka, ku riƙe zancen magudana da lafiyar jama'a, wannan ba wanda zai ce ba aikinsa ba ne. Haka na sake rubuta takardar, ko sau ɗaya ban ambaci wanda ya sayar ba.

Daga rajista takarda ta je wajen daraktan mulki, ya rubuta a kanta a kai sashin ayyuka, su kuma suka ce sai an haɗa da jami'in filaye da duba-gari. Kowace gaɓa sai ka bi da ƙafarka. Na koyi cewa Litinin da Talata da safe ake samun mutane, Juma'a kuwa kar ma ka ɓata man mashin ɗinka, kuma wasu ma'aikatan ba a garin suke kwana ba, daga birni suke zuwa. Hedimastanmu ya yi mini kirki sosai, yakan bar ni in fita lokacin tara in dawo kafin a tashi. Kansila ma daga baya ya yi amfani, bayan zaɓe ya lafa shi ya ɗaga maganar a zamansu, kuma na lura ya fi samun ƙarfin magana da ya ga akwai takarda da sa hannun magidanta 41 a bayanta.

Cikin azumi suka zo dubawa, rana ta take. Jami'in filaye da tef ɗinsa, duba-gari biyu, wani daga sashin ayyuka, da wakilin hakimi. Mai ginin ma ya zo, ransa a ɓace, yana ta nuna takardarsa. Ana cikin ja-in-ja sai wata tsohuwa da gidanta ke jikin filin ta leƙo daga zaure ta ce, 'ya'yan nan ku zo ku ga. Ta kai su jikin katangarta ta nuna musu layin da ruwan bara ya bari, wani baƙi-baƙi da kore a jikin bulo na uku, ya miƙe tun daga kusurwa har kusurwa. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Sai na sashin ayyukan ya kira ɗan garuwa ya sayi jarka biyu ya ce a zuba a bakin layi, muna tsaye muna kallo ruwan ya lallaɓa ya bi gangara ya je ya tsaya cak a jikin sabon bulon. Mai ginin ya daɗe yana kallon ruwan nan, sannan ya ce, wallahi ban sani ba, da na sani ba zan kawo mahaifiyata nan ba. A ranar aka shafa jan fenti a jikin ginin aka ce a dakata.

Bayan ƙaramar salla aka zauna a fadar hakimi. An daɗe, har sai da aka tashi aka yi azahar aka dawo. Ni a raina na so a bar filin gaba ɗaya, kuma har yau ina ganin hakan ya fi, domin ruwa ba ya sanin yarjejeniya kuma gidaje ƙaruwa suke yi, duk sabon kwano ƙarin ruwa ne a layi. Amma wanda ya sayar ya riga ya ci kuɗin, ba shi da abin mayarwa duka, mai saye kuma ba zai tafi hannu rabbana ba. Da hakimi ya tambaye ni matsayar ƙungiya na ce, ranka ya daɗe, mu dai ruwa ya samu hanya, kuma a rubuta. Aka tsaya a kan za a bar ƙafa 7 a yi lambatu mai zurfi da siminti har kududdufi, mai filin ya rushe gefe ɗaya ya ja gininsa baya ya yi shago a ragowar, magajin ya mayar masa da wani kaso a hankali, mu kuma 'yan unguwa mu ɗauki nauyin bulon da aka rushe. Aka rubuta kwafi huɗu, ɗaya a fada, ɗaya a sashin ayyuka, ɗaya wajen mai filin, ɗaya a wajena.

Ginin lambatun kusan duk aikin gayya ne. Ƙaramar hukuma ta ba mu ma'aikacin da ya fitar da awo da gangara, ta ba da siminti kaɗan, sauran mu muka haɗa gida-gida, wanda ba shi da kuɗi ya zo da shebur. Muna tsaka da aiki aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, kuɗin tifar yashi ya tashi a sati ɗaya, sai da muka sake zagayawa karo na biyu, kuma matan unguwa ne suka cike giɓin da kuɗin adashinsu, wannan ba zan manta ba. Mun gama ana saura kwanaki ruwa ya zauna sosai. Damuna biyu ke nan yana ɗauka, sai dai duk farkon damuna sai mun fito mun kwashe leda da yashi, in ba haka ba ya cika.

Mutane na yawan cewa ba komai a ƙaramar hukuma sai rabon albashi, kuma ban ce babu gaskiya a ciki ba, na ga ofisoshi a kulle da idona. Ko hukuncin da kotun ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ni abin da nake jira in gani shi ne ranar da sashin ayyuka zai samu abin yin kwalbati ba sai 'yan unguwa sun yi karo-karo ba. Amma akwai mutanen da suka san aikinsu a ciki, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne ba a zuwa wajensu sai gini ya kai linta. Da tun ranar da aka yanka gonar nan wani ya je ya ce a zo a fitar da hanya da magudana a rubuta, da duk wannan wahalar ba ta taso ba, da wanda ya sayi filin ma bai yi asarar kuɗinsa ba.

Yanzu haka ana shirin yanka wata gonar a bayanmu ta arewa, kuma ruwanta ta kanmu zai biyo. Wannan karon tun kafin a kafa turke ɗaya muka je muka samu magadan da dagaci, muka roƙi a bar babban layi ƙafa 30, a bar hanyar ruwa, a ware wajen masallaci da makaranta, kuma jami'in filaye ya zo ya zana a takarda kafin a sayar wa kowa. Sun yarda da layin da hanyar ruwan, filin makarantar ne har yanzu ake ja, don biyu daga cikin magadan suna ganin fuloti huɗu ne za su tafi a banza. Takardar tana sashin ayyuka tun makon jiya, kwafina mai sitamfi yana cikin jakata, ranar Talata in Allah ya kai mu zan koma in ji inda ta kwana.