Yawan nanotub ba shi ne ƙarfi ba

Ƙannena masu shirin shiga binciken roba da abubuwan da ake cakuɗa mata, ku matso in ba ku labarin yadda na zubar da kusan shekara guda ta digirina na biyu, ko Allah zai sa ku tsallake ramin da na faɗa.

Aikin da aka ba ni shi ne in zuba nanotub na kabon a cikin epoksi, wata irin roba mai ruwa da ke daskarewa, in ga ko zai rage masa saurin tsagewa. Epoksi idan ya daskare yana da tauri, amma halin gilashi gare shi: da zarar 'yar tsaga ta samu wuri, sai ta ratsa shi har ƙarshe. Shi kuwa nanotub, wanda Sumio Iijima na Japan ya bayyana a 1991, bututu ne na zallar kabon da ya fi gashin kai siranta sau dubbai, kuma taurinsa ya kai kusan ninki biyar na ƙarfe. Ina karanta haka sai na yi lissafin ɗan koyo, na ce in kaɗan na da amfani, ai da yawa sai ya fi. Na auna kashi 3 cikin ɗari na nauyin epoksin, na zuba, na juya har hannuna ya gaji.

Da aka sa samfuran a injin gwaji, sai suka riƙa karyewa tun kafin su kai inda epoksi zalla ke kaiwa. Na zargi injin, na zargi kamfanin da ya sayar mana da garin nanotub ɗin. Sai da muka duba bakin karayar a madubin elektiron, mai girmama ƙananan abubuwa, na ga abin da na ƙulla: gudaji ne birjik, irin na kunun da aka dama da gaggawa. Waɗannan bututu suna manne wa juna saboda wani jan da ake kira na van der Waals, suna dunƙulewa kamar zaren da ya harɗe. Epoksi ba ya shiga cikin dunƙulen, tsakiyarsa a bushe take. To, tun 1921 injiniyan Birtaniya Griffith ya nuna a kan gilashi cewa abu mai saurin fashewa daga aibinsa mafi girma yake fara karyewa. Ke nan kowane gudaji ƙofa ce na buɗe wa tsaga da hannuna. Ga shi kuma yawan garin ya sa ruwan ya yi kauri kamar tuwo, kumfar iska ta maƙale ta ƙi fita.

Abin da ban gane ba a lokacin, magina na gargajiya sun daɗe da saninsa. Idan suna kwaɓa ƙasar gini sukan zuba mata ramno su tattake sosai, don in bango ya so tsagewa ciyawar ta riƙe ɓangarorin biyu. Aikin nanotub ke nan. Tsaga na buɗewa, bututun da ya gicciye ta ya zama gada. Kafin ta ci gaba, dole ta ɓamɓare shi daga jikin epoksin, ta zare shi kamar yadda ake zare zare daga ɗinki, ko ta tsinka shi, ko kuwa ta kauce ta yi zagaye. Kowane ɗayan waɗannan yana cinye mata ƙarfi. Amma sai bututun sun warwatsu ɗaya-ɗaya, ba magini da ke jefa damin ciyawa sukutum a cikin kwaɓi. A 2005 masu bincike na ƙungiyar Karl Schulte a Hambog ta Jamus sun samu ƙarin juriyar tsagewa na kimanin kashi 43 cikin ɗari, da rabin kashi ɗaya kacal na nanotub mai bango biyu da aka liƙa wa sinadarin amino don ya kama epoksin. Ni na zuba ninki shida na wannan, na tashi da asara.

Daga nan na koma ɗaya gefen. Na zuba garin a ruwan sinadarin asiton, na bar shi a na'urar girgiza da sauti sa'o'i masu yawa. Gudajin ya watse, amma girgizar ta kakkarya bututun, gajeren bututu kuwa ba ya gada. Asiton ɗin ma bai gama fita ba, ya sa epoksin ya yi laushi.

Kuskuren da ya fi ba ni kunya shi ne na ƙarshe. Wata rana alƙaluman suka yi tsalle sama, na ruga ofishin malamina da takarda ina murna. Ya duba, ya ce, "Da me ka fara tsagar?"

Na ce, "Da ƙaramin zarto, Malam."

"Waɗanda babu nanotub fa?"

Na yi shiru, domin waɗancan wani ɗalibi ne ya shirya su tun bara, da reza. Ƙa'idar ASTM D5045, wadda ake bi wajen gwajin juriyar tsagewar roba, ta ce bayan an yanka tsagi sai an sa sabuwar reza an ƙwanƙwasa a hankali har tsaga mai kaifi ta fito da kanta. Bakin zarto dakusasshe ne, yana sa abu ya yi kamar ya fi juriya alhali bai fi ba. Da na sake gwajin yadda ya kamata, yawancin ƙarin nan ya bi iska.

Don haka in kun fara, ku fara da ƙasa da kashi ɗaya, ku hau a hankali. Ku zuba samfurin epoksi zalla rana ɗaya da sauran, a gasa su tare, hannu ɗaya ya tsaga su. Ku zuƙe iskar kafin ku zuba a mazubi. Kada ku zubar da ɓaraguzan da suka karye, ku kai su madubi, can za ku ga ko bututun sun zaro ko gudaji ne ya ci ku. Garin kuma kada ku buɗe shi a fili babu takunkumi, don a 2014 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa wani nau'insa cikin abubuwan da ka iya haddasa cutar. Ni watanni na yi ina auna shi fuska a buɗe, in na fyace majina sai in ga baƙi.